Yadda na dama bikin autarmu ya koma kunu

Ku da kuka zo kamun autarmu kun san mai hoton nan da ya yi ta taka wa mutane ƙafa. To shi ya kawo bidiyo, minti 40, nauyinsa MB 900. Gwaggo ta Jidda ta ce a tura mata. Ni da bakina na ce a bar mini, ba sai an je kasuwar waya ta Farm Center ba, akwai shafukan da ke matse bidiyo a cikin Chrome, ko manhaja ba sai ka sauke ba.

Ashe kafin shafin ya matse, sai ka ɗora masa abin ɗungurungum, da datarka. Ya kai kashi 91 sabis ya ɗauke. Na sake sayen data, na sake ɗorawa. Wajen ƙarfe ɗayan dare ya tambaye ni girman da nake so. Ni kuma a kaina akwai tsohon karatun nan cewa WhatsApp ba ya karɓar bidiyon da ya wuce MB 16, sai na rubuta 15. Wani jan rubutu ya fito a ƙasa, wa ke da lokacinsa? Na sauke, na tura zauren 'yan gida na WhatsApp, na goge na asalin don wayar ta sha iska, na kwanta ina jin kaina injiniya.

Washegari uwar ango ta zo gaida Hajiya, ita da ƙannenta biyu. Ana cikin shan lemo Hajiya ta ce, "Kai, saka mana kamun nan a talabijin su gani."

Jama'a. Minti 40 a cikin MB 15. Abin da ya fito ba mutane ba ne, wasu curi-curi ne masu kalar anko suna yawo. Da an motsa sai allon ya farfashe gida-gida kamar tabarma. Muryar mai kiɗa kuwa kamar daga rijiya. Amarya ba a ga fuskarta ba sam, domin tambarin shafin, tunda na kyauta ne, ya zo ya zauna daram a kanta. Falo ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Hajiya ta gyara tabarau, ta matsa gaba, ta nuna wani abu shuɗi a gefen allo. "Wannan buhun kuma wa ya ajiye shi a tsakiyar fili?"

Buhun ya ɗaga hannu ya fara liƙi.

Uwar ango ta ajiye kofinta a hankali. "Ni ce, Hajiya. Leshina ne."

Wallahi har yanzu ina jin ƙarar ajiye kofin nan. Na duƙa ina taɓa waya a bayan talabijin kamar laifin na can ne, gumi na bin bayana, ƙannen nata ɗaya ta cusa mayafi a baki kafaɗunta na rawa.

Amma wanda ya fi ci mini rai ɗan Baba Ƙarami ne. Yana kwance a kujera, ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Ai da a dokumen ka tura, Yaya, yana ɗaukar har GB 2. Ko ka rage ingancin hoton zuwa 720, da MB 300 ma ya yi kyau." Yaron nan yana ɗakina a daren da nake ta fama. Da cajata ya kwana. Shi ne fa wanda na biya wa kuɗin jarrabawa sau biyu, kuma har yau bai dawo mini da hular da ya ara ranar ɗaurin aure ba, mai ruwan toka, ba ta banza ba.

Gwaggo ta turo murya tana tambayar ko hazo aka yi a Kano ranar. Mai hoto yana da na asalin, amma ya ce sai an cika masa ragowar kuɗinsa, kuma wai ni na yi cinikin.