Rawar Fiji a ƙasar waje: a fara da waƙar tukuna

Ranar 10 ga Oktoba, 1970 Fiji, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, ta samu 'yancin kai daga Ingila, kuma har gobe 'ya'yanta da ke Auckland da Sydney da barikokin sojan Birtaniya ba sa barin ranar ta wuce ba a taka meke ba. Meke ita ce rawarsu ta gado. Samari su fito da masu a hannu, jiki ya sha man kwakwa, mata su jeru su yi tasu rawar, seasea, a bayansu kuma ga 'yan amshi zaune a ƙasa, wani na dukan lali, gangar itacen nan da ake fafewa, wasu na buga gorar derua da ƙasa.

Abin sha'awa, wallahi. Amma ni dai damuwata na wajen waɗannan na zaunen.

Su ne ke riƙe da waƙar, kuma a cikin waƙar ne tarihin yake: yaƙin da aka yi, sarkin da ya rasu, yadda ƙauyen wane ya kafu. A gida akwai daunivucu, mai tsara waƙa da takunta gaba ɗaya, wanda magabata ke cewa a mafarki ake ba shi. Yaron da aka haifa a Niyu Zilan zai iya ɗauke takun daga YouTube cikin 'yan kwanaki. Ka tsare shi ka ce me baitin ke faɗi, sai ya sosa ƙeya. Idan aka wayi gari sifika ce ke rera waƙar a madadin iyaye da kakanni, to rabin meke ya tafi, ko da kuwa tufafin gargajiya na ɓawon itace, wato masi, na ainihi aka ɗaura.

Shi ya sa makon harshen Fiji da ake yi a Niyu Zilan duk Oktoba ya fi burge ni a kan hawa dandali a Pasifika, bikin al'adun tsibiran Pasifik da ake yi a Auckland. Ba raina bikin nake ba, nan ne yaro ke fara jin alfahari. Haka ƙauyen Fiji da ke cibiyar al'adun Polinesiya a Hawaii, wadda aka buɗe a 1963, ya nuna wa duniya rawar. Sai dai ɗan yawon buɗe ido hoto ya zo ɗauka.

Da ni ke koyarwa, sai yaro ya fara zama cikin 'yan amshi kafin ya taɓa mashi. Ya haddace baitin, ya san daga wace ƙasa ta kakanni ya fito. Ya zauna gefen akushin tanoa ya ga yadda ake miƙa yaqona, abin shansu na gargajiya, ga baƙo, a tafa sau ɗaya kafin a sha, sau uku bayan an shanye. Iyaye za su yi ƙorafin cewa hakan na cin lokaci, bikin bana ya kusa. To, yaron ya jira na baɗi.