Shiga mafarki da saninka: ba a farkon dare ake yi ba

Yana damuna yadda ake gaya wa masu son shiga mafarki da saninsu cewa da zarar sun kwanta da dare, su miƙe, kada su motsa, su riƙe hankalinsu har mafarki ya zo. Na fahimci dalilin: lokacin ne mutum ya fi gajiya, barci ya fi saurin ɗaukarsa. Sai dai yawanci mutum ya yi ta juyi, gari ya waye ya ce abin ƙarya ne.

Matsalar lokaci ce. Barci hawa-hawa ne. A farkon dare ƙwaƙwalwa tana nutsewa cikin barci mai nauyi. Matakin da idanu ke motsi da sauri, wanda masana ke kira REM, inda mafarkai suka fi fitowa sarai, ba ya zuwa sai bayan kusan minti 90. Riƙe hankali tsawon wannan lokaci da wuya ƙwarai. Gab da asuba kuwa matakin ya fi tsawo, kuma ana saurin faɗawa cikinsa.

Ɗauki wanda ya kwanta ƙarfe 11, ya tashi sallar asuba, sannan ya koma gado. Ya saki jiki, ya riƙa ƙirga numfashinsa. Idan siffofi suka fara gilmawa a idonsa, ya kalle su kawai, kada ya yi zumuɗi. A nan aka fi dacewa.

Wani lokaci jiki yakan sandare kamar dannau. Ƙwaƙwalwa ce ta tsayar da gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki, kuma yakan wuce cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna.