Ƙannena masu zagin Ted Cruz, ku tsaya mu yi magana

Assalamu alaikum ƙannena da sa'o'ina, musamman ku da ba ku rabo da waya a hannu. Tun lokacin da sanatan nan na Amurka Ted Cruz ya kai ƙudiri majalisar dattawan ƙasarsu a watan Satumba na 2025, yana neman a ƙaƙaba takunkumi kan jami'an Najeriya masu aiwatar da dokar hukunta ɓatanci a jihohin da ke shari'a, yana kuma cewa wai ana yi wa Kiristoci kisan kiyashi a ƙasar nan, nake kallon yadda muke mayar masa da martani. Wani ya zagi uwarsa da Hausa, wani ya tura hoton jaki, wani ya rubuta Allah ya isa layi goma ya kwanta yana jin ya yi jihadi. Toh a ƙarshen watan Oktoba na 2025 Trump ya saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da suke cewa ana tauye 'yancin addini, zagin namu bai hana komai ba.

Ni ba son mutumin nake ba, kuma maganarsa a kanmu akwai son rai da rashin adalci a ciki. Amma don Allah ku san wa kuke zagi tukuna.

An haife shi a Calgary ta ƙasar Kanada a 1970. Ubansa Rafael ɗan Kyuba ne, ya shigo Texas a 1957 ba ya jin Turanci sosai, wanke-wanken kwanuka yake a gidan abinci yana biyan kuɗin makaranta. Shi kuma yaron tun yana sakandare a Houston ya shiga wata ƙungiya da ake sa yara su haddace tsarin mulkin Amurka, suna yawo gari-gari suna rubuto shi da ka a gaban manya. Ku duba shekarun nan fa, shekarun da yawancinmu muke haddace sunayen 'yan ƙwallo. Daga nan sai jami'ar Princeton inda ya zama zakaran gasar muhawara, ya gama a 1992, sai makarantar lauyoyi ta Harvard ya gama a 1995, sannan ya yi aiki a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Amurka William Rehnquist yana taya shi bincike da tsara hukunci. Wannan aikin ba a ba kowa, cikin dubban masu gama karatun lauya a shekara 'yan ƙalilan ne ke samu.

Daga 2003 zuwa 2008 shi ne lauyan da ke tsaya wa jihar Texas a manyan kotuna, kuma akwai wata shari'a da nake so ku ji don ku gane irin taurin kan da yake da shi. Wani ɗan Meziko mai suna Jose Medellin, an yanke masa hukuncin kisa a Texas kan fyaɗe da kisan 'yan mata biyu. Kotun Duniya ta ce Amurka ta sake duba shari'ar irinsu tunda ba a ba su damar tuntuɓar ofishin jakadancin ƙasarsu ba lokacin da aka kama su, shugaba George Bush kuma ya umarci Texas ta bi. Bush ɗin nan fa tsohon ubangidansa ne, Cruz ya yi masa aiki a yaƙin neman zaɓen 2000, a can ma ya haɗu da matarsa Heidi. Amma ya je Kotun Ƙoli ya ce shugaban ƙasa ba shi da hurumin tilasta wa kotunan jiha bin hukuncin wata kotu ta waje sai majalisa ta yi doka, alƙalai 6 suka ba shi gaskiya 3 suka ƙi, a 2008. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, da takarda da hujja ya ci, ba da ihu ba.

To irin wannan mutumin ne ya ɗauko batun ƙasarmu, ya zo da alƙalumma da sunayen garuruwa da rahotannin ƙungiyoyi ya tsara su yadda za su shiga kunnen Ba'amurke. Mu kuma me muka ajiye? Waye a cikinmu ya zauna ya tattara sunayen ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da aka ƙone, da kwanan wata, da adadin waɗanda aka binne? Masallatan da aka harbe suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agusta na 2025, mun yi ta'aziyya kwana biyu mun wuce. Kuma in za mu yi sai mu yi da gaskiya, an kashe Kiristoci a cocin Owo a 2022, an kashe mutane a Yelwata ta jihar Binuwai a 2025, duk wanda ya musa wannan ya zubar da hujjarsa tun kafin ya buɗe baki. Abin da za a nuna wa duniya shi ne masu kisan nan ba su bar Musulmi ba, ba su bar Kirista ba, kuma gwamnati ta gaza kare kowa.

Amma kar wani ya ɗauka cewa nake ku zama Ted Cruz, a'a wallahi. Ya shiga majalisa bayan zaɓen 2012 a matsayin ɗan ra'ayin riƙau na jam'iyyar Republican, bai cika shekara ba ya tsaya ya yi jawabin sama da awa 21 yana adawa da dokar inshorar lafiya ta Obama, har tatsuniyar yara ya karanta wa 'ya'yansa ta talabijin a tsakiyar jawabin. Rigimar ta kai ga rufe ma'aikatun gwamnati na kwana 16 a watan Oktoba na 2013, ma'aikata suka zauna gida, dokar kuma tana nan ba ta mutu ba. Shi dai ya yi suna. 'Yan jam'iyyarsa ma haushinsa suke ji, tsohon kakakin majalisar wakilai John Boehner ya taɓa kiransa Iblis a siffar mutum.

Sai 2016, nan ne nake so sojojin baka da masu faɗa saboda iyayen gidansu na siyasa su buɗe kunne. Ya nemi takarar shugaban ƙasa, ya ka da Trump a zaɓen fid da gwani na jihar Iowa, faɗa ya yi zafi. Trump ya laƙaba masa sunan maƙaryaci, ya yaɗa hoton matarsa don a yi mata dariya, ya ma jingina ubansa da wanda ya kashe shugaba Kennedy ba tare da wata hujja ba. Cruz ya fito ya kira shi matsoraci, ya ce a bar masa matarsa. A babban taron jam'iyya a Cleveland ya hau mumbari ya ƙi cewa a zaɓi Trump, aka yi ta yi masa ihu, a ranar kam ya burge mutane da yawa. Wata biyu kacal bayan nan ya ce Trump zai zaɓa. Zuwa 2018 da abokin hamayyarsa Beto O'Rourke ya matsa masa lamba a zaɓen sanata a Texas, Trump ɗin ne ya zo ya ɗaga masa hannu, ya tsallake da ƙyar. Ranar 6 ga Janairu 2021 kuma yana cikin waɗanda suka tashi a majalisa suna ƙin amincewa da sakamakon zaɓen 2020 da Trump ya sha kaye. Wanda aka zagar wa mata da uba ke nan fa. Kai kuma da ka daina gaisawa da ɗan uwanka uwa ɗaya uba ɗaya saboda wani ɗan takara ya saka maka data ta dubu biyu, gobe za ka gan su a hoto suna dariya a ɗaurin auren 'ya'yansu.

Na Cancun ma kar a manta. A watan Fabrairu na 2021 wani mugun sanyi ya afka wa Texas, miliyoyin mutane babu wuta babu ruwa, hukumomin jihar daga baya suka ce mutum 246 ne suka mutu. Ana tsakiyar haka aka ɗauki hoton sanatansu a filin jirgi da jaka zai tafi shaƙatawa bakin teku a garin Cancun na Meziko. Da aka taso shi ya dawo washegari, ya fara da cewa 'ya'yansa mata ne suka roƙe shi, daga baya ya amsa cewa kuskure ne. Duk wannan karatu da iya magana bai sa ya ji ciwon talakan da ya zaɓe shi ba, kuma duk da haka sun sake zaɓarsa a 2024, wa'adin da zai kai shi farkon 2031.

Ma'ana yana nan daram a kujerarsa na wasu shekaru, kuma zai sake magana a kanmu. Ku da kuke karatun lauya a BUK da ABU da Danfodiyo, ku nemo ƙudirin nan ku karanta shi da kanku, yana nan a shafin majalisarsu kyauta, ku fito mana da abin da ya ce a kan jihohi 12 masu shari'a sashe-sashe da Hausa. Masu Turanci su rubuta raddi da ladabi su sa masa a ƙarƙashin rubutunsa a X, da sunan gari da ranar da abin ya faru. Wanda kuma ba zai iya ko ɗaya ba, ya yi wa Allah ya ɗaga wayarsa ya tambayi mutanen ƙauyensu sunayen waɗanda aka kashe musu, ya tura wa masu iya rubutawa.