Dodon koɗin Alhaji

Ku da kuka ga bidiyon a wayar Bashir ƙanin matata, ku sani ya yanke farkon, shi ya sa na fito kamar mahaukaci.

Alhaji surukina ya dawo Umara, muka je Tudun Wada yi masa barka da sauka ni da Maman Hanif. An ci dabino, an sha zamzam, sai aka fito da wata katantanwa da ɗan'uwansa na Jidda ya ba shi, wai daga Bahar Maliya. Tsawonta ya kusa tafin hannuna, jikinta zanen ruwan ƙasa da fari kamar taswira. Alhaji ya miƙo min ya ce, "Malam Nura, kai ne mai koyar da ilimin halittu, mene ne wannan?"

Shekara tara ina zama a falon nan kaina a sunkuye, ban taɓa wuce "lafiya lau, Baba" ba. Ranar ce Allah ya kawo min fagena, sai na gyara zama.

Na ce Baba, wannan gidan wani dodon koɗi ne na teku, masana na kiransa Conus geographus, kuma kifi yake ci. Aka yi dariya, wai ta ina mai jan ciki zai kamo kifi. Na ce ai da dare yake farauta. Yakan saki insulin cikin ruwa, dangin wanda masu ciwon suga ke allura da shi, sugan kifin ya faɗi, jikinsa ya mutu, sai ya buɗe baki kamar buhu ya rufe shi. Kuma yana da haƙori mai rami kamar allura, yana harba shi kamar mashi, cike da dafin da ke tsayar da jijiyoyi. Ya sha kashe mutane, kuma har yau babu maganin dafinsa, sai dai a sa mutum a injin numfashi har dafin ya sake shi. Har na ƙara da cewa daga dafin wani ɗan'uwansa, Conus magus, aka haɗa maganin raɗaɗin da ya fi mofin ƙarfi, Amurka ta amince da shi a 2004. Hajiya har da "ikon Allah." Na ce Turawa na yi masa laƙabi da dodon sigari, wai kara ɗaya za ka zuƙa kafin ka cika.

Ina faɗin haka na zura yatsa ciki don in nuna inda mashin ke fitowa.

Wani abu ya ɗana min cizo.

Jama'a, ni na san dabbar ta mutu tun tuni. Ni na san ƙwarya ce kawai da ta biyo jirgi cikin akwati. Amma ilimin nan duk ya gudu ya bar ni da kara ɗaya na sigari. Na yi wurgi da katantanwar ta faɗa cikin kwanon dabino, na ƙwala "Wayyo Allah, ya harbe ni!" da wata murya da ban san ina da ita ba. Hulata ta yi gabas. Na riƙe yatsa na zube a kafet ina kalmar shahada, ina cewa a nemo injin numfashi, wallahi har na fara jin leɓena na kauri. Na riƙo ƙafar surukina, ƙafarsa fa, ina cewa "Baba a yafe min." Sannan na juya wajen Maman Hanif na gaya mata akwai dubu tamanin cikin tsohon takalmina a saman durowa. Kuɗin da na rantse mata ranar Talata cewa babu su.

Alhaji bai ko motsa ba. Ya ɗauki katantanwar ya bubbuga a tafin hannunsa, sai ga cinnaka ta faɗo, ta kama hanyarta. Ashe jikokinsa sun ɓoye guntun alewa a ciki tun jiya. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam, shi ke nan ko akwai sauran bayani?"

Amma Bashir ne ban yafe wa ba. Yaron da na rubuta wa wasiƙar neman aiki har sau biyu. Yaron da ya ari babur ɗina ya je Kawo ya dawo min da shi babu madubi, ya ce wai dama haka ya ɗauke shi. Mijin yayarsa na kwance yana shahada, shi kuwa yana neman inda haske ya fi kyau. A bidiyon ana jin shi yana cewa "Yaya Nura, ɗan ɗago kanka." Da mutuwar gaske ce haka zai yi. Kuma har yau madubin nan shiru.

Dubu tamanin dai an sayi atamfa da ita. Katantanwar tana kan talabijin ɗin Alhaji, ni kuma na koma gaishe shi ta waya.