Ku da kuka shiga jami'a, ku waiwayo Aboabo

'Yan uwana da Allah ya kai ku jami'o'in KNUST da Legon, da ku nake.

Darasin yamma da ake ba yaran sakandare kyauta a unguwarmu ta Aboabo, a Kumasi, ya fi ƙarfin masu koyarwa. Abin da aka fara a zauren makarantar allo, yanzu har daga Asawase da Sawaba ake zuwa. Benci ya cika, wasu a tsaye jikin taga, littafi a tafin hannu suna kwafar abin da ke kan allo. Tun da gwamnati ta yafe kuɗin sakandare a 2017 yaran zango suka cika ajujuwa, alhamdulillahi. Sai dai jami'a ba ta duba cewa ka gama aji uku, sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, take dubawa: darussa shida, kowanne daga A1 zuwa C6. Yarinya ta ci komai, D7 guda a lissafi ta mayar da ita gida jiran jarrabawar Nuwamba da Disamba, kafin nan wataƙila an fara zancen aurenta.

Nan ake bukatarku. Kun san yadda tambayoyin WAEC suke zuwa. Kun san yadda ake haɗa maki, da yadda ake cika fom ɗin neman shiga jami'a a intanet, da haɗarin yaro mai maki 18 (a lissafin nan ƙaramin maki ne ya fi kyau) ya zaɓi likitanci kaɗai ya rasa gurbi gaba ɗaya. Baba da ke sayar da goro ba zai iya gaya wa ɗansa wannan ba, ko da ya sayar da rigarsa ya saya masa fom ɗin. Ku kuwa da minti goma kun gyara masa hanya.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasunku suke dawowa hutu su wuce ƙofar ajin ko sallama babu, su je majalisar shayi su raba dare ana gardamar ƙwallon Kotoko da Hearts. Alhali a bencin nan kuka zauna, wani ya bar sana'arsa ya koya muku ba ku biya ko sisi ba. Haba, 'yan uwa!

Ku mata ma ban cire ku ba. Akwai iyayen da ba sa barin 'yarsu ta fito sai sun ji cewa yayarta ce ke koyarwa.

Ba kuɗi ake nema a wurinku ba. Wannan hutun kowa ya ɗauki darasi ɗaya da ya fi ƙwarewa a kai, ya kawo tsoffin takardun tambayoyinsa, ya zo ranar Asabar bayan la'asar a ba shi aji.