Aljanun Shagon Kawu

Kwamfutar shagon Kawu da ke Agege ta dage a kan cewa har yanzu a shekarar 2012 muke. Kullum da safe in na kunna ta sai ta tsaya a baƙin allo, wai sai na danna F1, in ta buɗe kuma agogonta na nuna sha biyun dare, 1 ga Janairu. Kawu dillalin albasa ne a Mile 12, ni nake buga masa rasit ina riƙe masa lissafin masu bashi. Ba mu ɗauki abin da zafi ba sai ranar da wata mata mai karɓar buhu bashi ta dawo da rasit ɗinta tana murmushi, ta ce ai bashin da ya haura shekara goma ya kamata a yafe shi saboda Allah. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai yaro, gobe ka je Ikeja, ko ka gyara ta ko ka sayar da ita."

Kwamfuta ce ta tebur, tokumbo, mai nauyin gaske, don haka ban ɗauke ta ba. Na hau danfo ni kaɗai zuwa Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja. A layin Otigba na samu wani ɗan Kano mai gyara, ban gama bayani ba ya miƙo min wani ɗan batiri kamar tsohon kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa. Ya ce bolt 3 ne, yana zaune a kan babban allon da ke cikin kwamfutar, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato ɗan tsarin da ke tayar da injin kafin Windows ta buɗe, idan babu wuta. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfuta sai ta manta ranar da ake ciki. Ya ce in na sa sabon, in shiga BIOS in gyara kwanan wata, in danna F10, in fito. Ya so ya tallata min wata sabuwa, wai tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ba ta sauka sai a kan injin da ke da wani ɗan sashen tsaro wai shi TPM 2.0. Na ce masa mu albasa muke sayarwa. Ina juyawa ya ƙwala min kira: "Ɗan'uwa, kwanan wata kawai fa! Kada ka taɓa komai!"

Na koma shago na sa batirin, amma shiga BIOS ɗin ma yaƙi ne. Kowace kwamfuta da ƙofarta: wata Del, wata F2, wata F10, kuma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe, kafin ka kai yatsa Windows ta riga ta taso. Ƙarshe na shimfiɗa yatsu uku ina bugun maɓallan gaba ɗaya, har Baba mai gadi ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Sai ga shuɗin allo mai fararen rubutu, linzami ba ya aiki, sai kibiyoyi da Enter. Na gyara kwanan wata cikin minti ɗaya.

To, wanda ya shiga ɗakin da bai taɓa shiga ba ai sai ya ɗan waiga. Na ga jerin abin da kwamfuta ke fara dubawa in ta tashi, faifan ciki ne ko filas. Na ga wani wuri an rubuta IDE, a ƙasansa AHCI, wanda daga ganin sunan ka san ya fi zamani. Na canza. Windows ta taso rabi, ta watso min allon kuskure, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Ashe tsarin da aka girka ta a kai shi ta sani, in ka sauya mata hanyar magana da faifai sai ta kasa gane nata faifan. Duk lissafin bashin Kawu yana ciki. Gumin da na yi a lokacin ba na zafin Legas ba ne. Na mayar da IDE, ta buɗe lafiya lau, na yi hamdala a fili.

A hanyar fitowa ne na ci karo da abin da ya burge ni. A sashen wuta akwai tambaya: idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, me kwamfuta za ta yi? Zaɓi uku ne: ta zauna a kashe, ta koma yadda take kafin a ɗauke, ko ta kunna kanta. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan, na ce a raina, ya san halin da muke ciki. Maimakon in riƙa sunkuyawa ƙarƙashin tebur duk sa'ar da wuta ta ƙifta, ga hadimi kyauta. Na zaɓi na ukun, na danna F10. Da tsohon batiri ne, da kafin gari ya waye ta manta. Sabon kuwa ba ya mantuwa.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani. Tun da aka sayo kwamfutar Kawu ya sa aka saita ta, da zarar ta buɗe karatun Alƙur'ani ya fara, don neman albarkar kasuwa. Ba ta da kalmar sirri, lasifikarta kuma manya ce. A yammacin nan aka ɗauke wuta kafin magariba, muka kulle shago a duhu muka tafi, soket a kunne.

Da asuba na tarar da Baba mai gadi a bakin masallaci, bai ko naɗe tabarmarsa ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, shagonku akwai mutanen ɓoye." Wai cikin dare ya ga haske ta ƙarƙashin ƙofa, ga kwaɗo a kulle, sai kuma aka fara Fatiha aka shiga Baƙara. Ya ce bai gudu ba, ya dai matsa zuwa layi na uku don ya ba su wuri. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne karatun babu gyara ko ɗaya, don haka Musulmai ne.

Kafin hantsi labari ya zaga unguwa. Ni kuwa tun daga kalmar haske na gane mai karatun, amma ina za ka sa baki ana tsakiyar muhawara? Wani ya ce a kira masu ruƙiyya. Wani ya ce me za a karanta wa wanda shi ma karatun yake yi? Iya mai shagon kusa da mu, Bayarabiya, ta kawo mana moi-moi ta ce a saka ta a addu'a. Mafi daɗi, matar nan mai rasit ɗin 2012 ta aiko da kuɗinta cif, ba a ko tambaye ta ba. Wasu masu bashin ma suka biyo sahu.

Da daddare na samu Kawu shi kaɗai na warware masa komai, tun daga batiri har zuwa zaɓi na uku. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Wa ka faɗa wa?" Na ce babu kowa. Ya ce, "To ni ban ce akwai aljanu ba, ban kuma ce babu ba. Bar ta yadda take."

Haka aka ci gaba. In wuta ta zo cikin dare karatu ya tashi, Baba ya gyara zama daga nesa yana saurare. Har ya kawo ƙorafi cewa baƙin nan kullum daga Baƙara suke farawa, ba su taɓa kaiwa Ali Imrana ba. Ban iya ce masa wutar ce ba ta daɗewa ba.

Mita ce ta raba gardama. Tamu ta kati ce, Kawu kuma yana duba lambobinta fiye da yadda yake duba farashin buhu. Da ya ga katin da ke kai mu ƙarshen wata ya ƙare tun da sauran kwanaki, ga fanka ma da muke mantawa a kunne tana taya su, sai ya kira ni. "Shiga wurin nan naka ka sallame su. Duk wanda zai yi karatu a shagona ya sayi katinsa."

Na shiga, na mayar da ita ta zauna a kashe. Washegari Baba ya tare Kawu a ƙofa, ransa a ɓace, ya ce shi dai ya san ba a kyauta wa bayin Allah ba, kuma tunda yanzu shi kaɗai ke gadin layin, a duba maganar ƙarin albashi.