Cire Juri a Ingila Ba Zai Gaggauta Shari'a Ba: Abin da Na Gani a Gida

Tun da na zauna a Ingila ban ga wata muhawara a kan shari'a da ta ɗau zafi kamar wadda ake yi a kan juri ba, wato mutum 12 da ake zaɓo daga cikin jama'ar gari su saurari shaida, su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifi ko bai aikata ba. A watan Yulin 2025 tsohon alƙali Brian Leveson ya ba gwamnati shawarar a rage yawan shari'un da ake kai wa juri, sannan a watan Disamba ministan shari'a David Lammy ya sanar da shirin barin alƙali shi kaɗai ya yanke hukunci a laifukan da ake ganin ɗaurinsu ba zai wuce shekara 3 ba. Hujjarsu ita ce shari'un da suka taru a manyan kotunan laifi a lokacin sun kusa 80,000, har ana sa wa wasu ranar zama a 2029.

Lauyoyi da yawa a nan sun yi ca, suna tuna wa gwamnati yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda suke ɗauka a matsayin tushen 'yancin mutum na tsaransa su yi masa hukunci. Ni kuwa dalilina na shakka daga gida na taho da shi, domin a Najeriya babu juri, alƙali ne ke sauraro kuma shi ke hukunci, amma kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali masu jiran shari'a ne. Da rashin juri ke kawo sauri, da gidan yarin Kurmawa da na Goron Dutse ba su cika da mutanen da ba a tabbatar musu da laifi ba.

Duk wanda ya taɓa bin sawun ɗan'uwa a kotu ya san inda gizo ke saƙa. Ana gurfanar da mutum gaban kotun majistare a kan tuhumar fashi ko kisa, alhali kotun ba ta da hurumin sauraron ƙarar, sai a tura shi gidan kaso a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Kundin bincike na iya kwana watanni a tebur. Ɗan sandan da ya yi binciken an canja masa wurin aiki, shaidu sun gaji da zarya, motar kawo fursunoni babu mai, alƙali kuma yana rubuta kowace kalma da hannunsa. In aka ƙara wa alƙalin girma zuwa kotun gaba ana tsakiyar shari'a, sai a koma farko. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko ga kwana 14, ta kuma ce a riƙa zama kullum da zarar an fara, sai dai tsakanin takarda da zauren kotu akwai tafiya mai nisa.

A nan Ingila ma, in aka duba, irin waɗannan ne ke cin lokaci: gine-ginen kotu masu yoyo, ƙarancin lauyoyin laifi, da fursunonin da kamfanin jigila bai kawo a kan lokaci ba. Don haka nake ganin gwamnati ta bar jaki tana dukan taiki.

Abin da nake yi wa Ingila sha'awa shi ne ƙidayar kwanaki. Wanda aka tsare yana jiran babbar kotu yana da wa'adin kwana 182, kuma kafin a ƙara, dole mai gabatar da ƙara ya gamsar da alƙali cewa akwai dalili mai ƙarfi kuma bai yi sakaci ba, in ba haka ba a ba da beli. Ana yawan tsawaita wa'adin, ban ɓoye ba, amma kowane ƙari sai an tashi an kare shi a bainar jama'a. A gida kuwa, talakan da ba shi da lauya sau da yawa yana jira ne babban jojin jiha ya kai ziyara gidan yari, ko Allah zai sa sunansa ya faɗo cikin waɗanda za a sallama.